Ƙanƙarar da Aka Yi da Irin Baba

Har yau in aka zauna hira a garinmu aka rasa abin dariya, sai wani ya tono zancen fim ɗin hawan dutse. Da an ambaci kajin nan sai kowa ya kama ciki, har da yaran da ba a haifa ba a lokacin. Ni kam tashi nake yi in kakkaɓe rigata in bar musu wurin. Suna cewa na cika riƙo. Ban musa ba, ina da riƙo, kuma ina da dalilina.

Ƙauyenmu yana arewa da Ɗanbatta, inda gona take manne da gona, ba ka da inda za ka ɗaure jaki ba a cikin abin wani ba. Ƙasar a shimfiɗe take kamar faifai. Dutse ɗaya tak gare mu, can gabas da gari, kuma in ka ɗora kuka a kan kuka ka kusa kamo tsayinsa. Akuyoyi suna hawansa da hantsi su sauko da la'asar, mata suna shanya kuɓewa a gindinsa. Ban taɓa jin wanda ya hau shi ya dawo yana ba da labari ba.

Shekarun nan ne da damina ta riƙa yi mana rowa, ruwa ya ɗauke tun gero bai gama cika ido ba. Taki sai mai uwa a gindin murhu, motar Kano sai wanda ya matsu, don mai ya yi wuya. A gidanmu tuwo ya koma sau ɗaya a yini, sauran kwaɗon rama ne da kunu tsararo. Inna ce mai aunawa, kuma ta san abin da ya rage a rumbu kamar yadda ta san 'ya'yanta. Ko zangarniya ɗaya ce ta yi ƙafa sai ta gane.

Abin da ya riƙe mu a wannan tsakanin shi ne irin geron Baba. Daga mahaifiyarsa ya gaje shi, ita kuma a ƙullin zane ta zo da shi daga garinsu. Gajere ne, zangarniyarsa ba abin nuna wa baƙo ba ce, amma yana da saurin nuna. Kafin ruwa ya yi tunanin guduwa, shi ya riga ya gama abin da ya kawo shi. Kowace kaka Baba yakan bi gona da kansa ya zaɓi kawunan da suka fi cika, Inna ta sussuke su daban, a cakuɗa tsabar da toka saboda ƙwari, a zuba a manyan tuluna biyu, a liƙe bakinsu da laka, a ɗora su can ƙuryar rumbu. Daga nan babu mai taɓa su sai ranar ruwan shuka. Mun sha kwana da yunwa tulunan nan suna zaune. Baba yakan ce wanda ya ci irinsa ba bana ya ci ba, baɗi ya ci.

Kuma ba mu kaɗai tulunan suke ciyarwa ba. Safiyar ruwan shuka Baba yakan shimfiɗa buzu a ƙofar gida, maƙwabta su zo da ƙoƙunansu, ya ɗiba wa kowa gwargwadon gonarsa. Bai taɓa sayar da ko ƙwaya ɗaya ba. Mutumin da ba shi da sarauta, ba shi da shanu, bai je Makka ba, wannan safiyar ita ce girmansa a duniya. A shekarar da nake ba da labari kusan kowa ya cinye nasa irin tun kafin rani ya raba. A ƙofar masallaci dattawa suna ce masa, Malam, bana bayan Allah kai muke kallo.

Ina da ƙane, wanda yake bi na. Ba yaro ba ne, gemu ya fito masa, ya gama sakandare ya zauna ba aiki. Kowace ranar kasuwa yana gidan kallo a Ɗanbatta, kuma duk cikin finafinan duniya babu wanda ya shiga ransa kamar na Turawan nan masu hawan dutsen ƙanƙara. Sau ɗaya na bi shi don in ga abin da yake hana shi zuwa kai taki gona. Irin finafinan nan ne na araha, waɗanda ko a ƙasarsu ba na jin akwai mai kallo. Bature ya jingina da dutse, dutsen ya motsa kamar asabari. Mugu ya yanke igiya, mutum ya faɗo, kana gani ka san 'yar tsana ce, ƙafafunta suna lanƙwashewa ta inda ƙafar ɗan Adam ba ta lanƙwashewa. Jarumi ya kwana a cikin ƙanƙara ya tashi gashinsa a taje. Duk ɗakin dariya ake yi, ni ma na yi har da hawaye. Da na waiga sai na ga ƙanena shi kaɗai ya ciji leɓe, ya dafe benci, kamar shi ne a jikin igiyar.

Ana cikin bazara, zafi ya kai inda ƙadangare ma yake neman inuwa, sai ga wata tsohuwar bas ta tsaya a gindin dutsenmu. Mutanen birni ne, sun zo yin fim. Akwai darakta, mai hula baki a baya, da na'urar ɗaukar hoto guda ɗaya wadda yake lulluɓewa da tawul kamar jinjiri. Akwai jarumi, mutum mai tumbi, da mugu mai baƙin tabarau. Sun zo da rigunan sanyi na gwanjo masu kauri, igiya kuwa ta rijiyar masallaci suka ara. Labarin wai ɓarayi sun ɓoye akwatin zinare a ƙololuwar dutsen ƙanƙara, jarumi zai hau ya ƙwato. Tun kafin su gama sauke kaya ƙanena ya zama ɗan gida, shi ne ɗebo ruwa, shi ne kora yara.

Dabarar darakta ita ce ya kwantar da na'urar a gefenta, mutane su yi rarrafe a kan shimfiɗaɗɗen dutse suna nishi, wai in an kalla sai a ga kamar hawa suke yi. Wannan bai ba shi wuya ba. Ƙanƙara ce ta gagare shi. Ranar farko suka watsa audugar rimi, iska ta kwashe ta ta kai wa mutanen gabas. Rana ta biyu suka gwada toka, jarumi ya yi ta tari har idonsa ya yi ja, ya ce shi gida zai koma. Aka yini biyu ba a yi komai ba. Sai wata safiya labari ya zagaye gari cewa mutanen birni suna zubar da gari a kan dutse.

Ban yarda ba sai da na je. Gari ne kuwa, garin gero, a shekarar da mace take kaɗe turmi sau biyu don kada ta bar ko ɗan ƙura. Wani ya hau sama da rariya yana kaɗawa, garin yana zubo wa jarumi a ka. Shi kuma yana cikin rigar sanyi yana karkarwar ƙarya, gumi yana kwararo masa, ya haɗu da garin ya zama ƙullu a fuskarsa. Ƙanena yana bayansa, shi ma an sa masa riga, an ɗaura masa igiyar rijiya a ƙugu, don an ba shi matsayin abokin jarumi wanda mugu zai yanke wa igiya. Ana cikin haka kajin unguwa suka ji labari. Suka zo ayari guda, da zakaru da 'yan tsaki, suka faɗa wa ƙanƙarar da tsattsaga. Darakta ya kora, su dawo, ya kora, su dawo. Daga ƙarshe ya gaji ya ce a ci gaba, zai gyara a birni. Na yi dariya ranar nan har cikina ya ƙulle, ina cewa lallai mai abu shi ke wasa da shi.

Suna tashi mata suka rufar wa wurin da tsintsiya da ƙwarya. Matata ta samo kusan rabin ƙwarya, Inna ta tankaɗe shi sau uku ta dama kunu. Baba ya sha, tsakuwa tana ƙara a haƙorinsa, yana cewa Allah Ya ƙaro mana irin waɗannan mahaukatan baƙi. Ya ɗan tsaya ya ce kunun yana ɗanɗanon toka. Inna ta ce ai tokar da suka watsa rannan ce. Ya ce haka ne, ya shanye, har ya sa yatsa ya suɗe ƙoƙon. Ƙanena ya ce shi a ƙoshe yake.

Mutanen birni suka ƙara kwana ɗaya, wanda ya faɗo ranar kasuwa, kowa ya tafi Ɗanbatta, babu wanda ya ga abin da suka ɗauka. Daga nan bas ta tafi, muka koma jiran ruwa.

Ruwan shuka ya sauka wata Laraba, mai yawa, ƙasa ta sha har ta ƙoshi. Da asuba kowa ya fito da sungumi. Baba ya sa farar rigarsa ya shimfiɗa buzu, ni na shiga rumbu na sauko da tulunan, suna da nauyinsu kamar kullum. Kafin rana ta fito mutane sun cika ƙofar gida, dattawa a gaba, zawarawa sun aiko jikokinsu, kowa da ƙoƙonsa. A tsakar gida Baba ya yi bisimilla ya fasa lakar tulun farko, ya zura hannu. Na ga hannun ya daɗe a ciki. Da ya fito da shi sai yashi yake zubowa ta tsakanin yatsunsa. Ya fasa na biyu. Shi ma yashin rafi ne, har da 'yan duwatsu.

Ba a tambayi ƙanena ba, da kansa ya durƙusa. Ya ce darakta ne ya ce in babu gari babu fim, kuma duk wanda ya kawo za a sa fuskarsa a jikin fastar tallan fim ɗin. Ya ce ya san in ya taɓa geron ci Inna za ta gane a ranar, amma tulu babu mai buɗewa sai damina, kuma darakta ya rantse masa kafin ruwa zai aiko da buhun irin gwamnati, wanda ya fi namu. Ya ce a kan keke ya kai tsabar injin niƙa na ƙauyen da ke gaba da mu, ya cika tulunan da yashi, ya kwaɓa laka ya liƙe. Yana magana ina jin ƙotar sungumi tana zafi a hannuna. Inna ce ta riƙe ni, ba don ita ba da yau wani labarin nake bayarwa.

Baba bai zage shi ba, bai ɗaga masa hannu ba. Da ma ya yi, da ya fi mini sauƙi. Ya goge tafinsa a jikin farar rigar nan, ya fita ƙofar gida, ina bayansa. Mutane suka miƙe. Ya ce:

“Ku yi haƙuri, jama'a. Bana ba ni da iri.”

Suka tsaya suna kallonsa, sannan suka fara juyawa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kife ƙoƙonsa a ƙirji. Kafin azahar gari duka ya san dalili. Kafin la'asar ƙanena ya bi motar Kano, muka ji daga baya yana Bacirawa yana tura kurar ruwa, yana zaryar ƙofar darakta.

Abin da muka shuka a shekarar tarkacen kasuwa ne, gero mai dogon kara da dogon rai, irin na ƙasar da ruwa yake da kunya. Ya tashi kore shar, ya wuce kan mutum, masu wucewa suna sa albarka. Yana fara fitar da kai ruwa ya ɗauke, kamar yadda ya saba. Muka girbe kara, unguwa guda. Babu wanda ya ce wa Baba komai, kuma wannan shirun ya fi zagi ciwo. A masallaci sai ya riƙa zuwa a makare yana tsayawa sahun baya.

Duk tsawon daminar nan na lura kullum da yamma yana zagayawa gindin dutse, kansa a sunkuye, yana tona ciyawa da sanda. Da na tambaye shi sai ya ce injin ƙauyen can haƙoransa sun cinye, ba ya niƙa da laushi, yakan bar ƙwaya ɗaiɗai ba ta fashe ba. In Allah Ya so, wata ta faɗa wani lungu ta tsira, ko kai ɗaya ya samu ya ishe shi ya tayar da irin. Bai samu ba. Abin da kaji suka bari tsintsiyar mata ta kwashe.

Bayan kaka aka ce fim ya fito, ana nuna shi a Ɗanbatta. Ranar kasuwa Baba ya ce in fito da keke in kai shi. Na ɗauka ban ji daidai ba. Mutumin da bai taɓa leƙa gidan kallo ba, wanda yake kiran wurin makarantar shaiɗan. Na ce masa babu abin da zai gani sai ɓacin rai. Ya ce in fito da keken.

Ɗakin ya cika maƙil, da rana tsaka, ga zafi ga ƙarar janareto. Samari suka ga dattijo suka matsa masa a benci na gaba. Fim ya fara, dariya ta fara. Darakta bai gyara komai ba. Ga jarumi yana rarrafe, wai hawa yake yi, ga akuya a bayansa tana tsaye a jikin bango kamar ƙadangare. Ga hannun mai rariya yana shigowa ta sama har da agogonsa. Ga jarumi yana haki, ƙullu yana ɗiga daga haɓarsa, yana ce wa abokinsa ya riƙe igiya, namiji ba ya faɗuwa. Ga kaji. Da zakaran gidan liman ya tsallaka ta kan bayan jarumi, wani sai da ya faɗo daga benci. Fuskar ƙanena ta fito sau ɗaya, kafin ka ƙifta ido ta wuce. Mugu ya yanke igiya, sai aka jefo buhun ƙaiƙayi sanye da rigar ƙanena, ya bugi ƙasa ya fashe. Abin da aka sayar da abincin unguwa guda a kansa ke nan. Ni kunya ce ta rufe ni, da baƙin ciki, ina jin dariyar nan kamar a kaina ake zuba ta.

Baba bai kalli ƙanena ba, bai kalli kaji ba. Ƙasan hoton yake kallo. Can wajen ƙarshe aka nuno faɗan jarumi da mugu a saman dutse, wanda aka ɗauka ranar da duk muka tafi kasuwa. A nan ba rariya suka sa ba, da kwano suka riƙa juye garin, yana gangarawa cikin wani tsagi a bayan ƙololuwar. Sai Baba ya miƙe tsaye ya ce wa mai kula da bidiyon:

“Yaro, mayar da shi baya.”

Ɗakin ya ɗauki tafi. Ana cewa Baba ya ji daɗin faɗan, a maimaita wa Baba. Aka mayar, ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya ce a ƙara. Aka ƙara, ana ta yi masa kirari. Sannan ya juyo ya ce mini mu tafi, ya ga abin da ya zo gani.

Washegari bayan sallar asuba muka nufi dutsen. Ta bayan nan ba kamar ta gaba ba ne, a tsaye yake, ga santsi, akuya ma ba ta bi. Baba ya haura saba'in, gwiwoyinsa sun daɗe da gajiya. Na ce ya zauna in hau in duba masa. Ya ce ban san abin da zan duba ba. Ya tuɓe takalmi ya kama hawa, ina tura shi ta baya, yana kama ciyawa tana tsinkewa. Sau biyu ƙafarsa ta zame, fatar gwiwarsa ta saluɓe, jini ya ɓata wandonsa. Ba nishin ƙarya, ba igiya, ba mai kallo.

Tun daga nesa ya gane su. A cikin tsagin, inda iska ta tara 'yar ƙasa, ga kara a tsaye, bai fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, gajeru, sun bushe. Irinsa ne. Sun tsira, sun girma, sun nuna tun da wuri kamar yadda suka saba, a shekarar da gonakin gari duka suka mutu a tsaye. Sun nuna babu wanda ya sani sai tsuntsaye. Baba ya durƙusa ya karyo kan farko ya murtsuke shi a tafinsa, ya hura. Ƙaiƙayi ya tashi, tafin ya rage wayam. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Muka tona ƙasar tsagin da farce har rana ta take, ba mu samu komai ba sai ramin tururuwa. Ƙanena ya san wurin nan tun bazara. Ya san sunan kowane Bature mai hawan ƙanƙara, amma bai taɓa kawo wa ransa gero zai tsira a tsagin dutse ba.

Saukowa ta gagari Baba, sai goya shi na yi. Ba shi da nauyi ko kaɗan, wannan ma ya ba ni tsoro. Kawunan geron nan marasa ƙwaya suna cikin aljihunsa suna sukar bayana. Muna kawowa rabi wasu yara masu kiwo suka hango mu daga ƙasa, suka kama tsalle suna rerawa, riƙe igiya, namiji ba ya faɗuwa. Na buɗe baki zan zage su har iyayensu, Baba ya matse kafaɗata ya ce in kalli inda nake sa ƙafa.

A gida ya zuba kawunan a tulu ɗaya, ya kwaɓa laka ya liƙe bakinsa, ya ce in mayar ƙuryar rumbu. Inna ta juya baya tana share ido da gefen zane. Ni ban yi musu ba, na mayar.

Da damina ta zagayo, ruwan shuka ya sauka. Da asuba Baba ya sa farar rigarsa, ya shimfiɗa buzu a ƙofar gida ya zauna kamar yadda ya saba. Mutane suna wucewa da sungumi a kafaɗa, suna gaishe shi daga nesa, yana amsawa. Ya zauna har rana ta cinye inuwar zaure. Babu wanda ya zo da ƙoƙo.